Shekarar da Na Ajiye Burushi

Ina da shekara arba'in da shida ranar da na fara ɗora hannuna a kan kwamfuta. Kafin ranar, shekara ashirin da bakwai na yi ina rubutun allo da fenti. Wanda ya ratsa Keffi a wancan lokaci, da wuya ya bi titi guda bai wuce aikina ba: allon kemis, allon makaranta, sunan masallaci a bango, sunan coci a saman ƙofa, rubutun bayan manyan motoci. Gidanmu yana unguwar Yara, shagona kuwa yana Sabon Gari, tsakanin wani mai walda da wata mai sayar da abinci. Ɗaki ne guda, gwangwanayen fenti a jere a kan kanta, tsani a jingine a waje, daɓen ya yi dabbare-dabbare da launin da ya yi shekaru yana ɗiga.

Wanda ya koya mini sana'ar Bayarabe ne. Ya zo Keffi daga kudu tun yana saurayi, ya yi aure a nan, ya haifi 'ya'yansa a nan. Baba muke ce masa. Mahaifina ne ya kai ni wurinsa bayan na gama sakandare ban samu wucewa gaba ba. Wata ukun farko bai bar ni na taɓa allon kowa ba. Wani tsohon katako ya ba ni, in rubuta kalma ɗaya, ya zo ya duba, ya goge da tsumma, in sake. Siffar harafi ba ta dame shi kamar tazarar da ke tsakanin harafi da ɗan'uwansa ba. Yakan sa ni in ja da baya taku goma in kalli abin da na rubuta.

"Daga nan mai wucewa zai gani," in ji shi, "ba daga inda hancinka yake ba."

Kirista ne, amma da an kira salla shi zai zare burushin daga hannuna ya ce in tafi. Da na cika shekara bakwai a wurinsa ya yaye ni, ya raka ni da ƙafarsa muka nemi shagon da na zauna a ciki.

Sana'ar ba a rana ɗaya ta mutu ba. Da farko labari muka riƙa ji, wai a Abuja akwai injin da ke buga rubutu da hoto a kan wata leda mai kauri da ake kira bana, kuma komai girmanta cikin awa guda an gama. Sai injin ya iso Mararaba, daga baya ya iso Keffi. Abin da nake kwana huɗu ina yi a kan tsani, rana tana dukan ƙeyata, yanzu mutum zai kai da safe ya karɓa da azahar, har da hotonsa a gefe yana murmushi. Ban ga laifin kowa ba. Da ni ne mai kanti, ni ma can zan kai.

Akwai wata makaranta a Garaku da na yi shekara goma sha biyu ina sabunta mata allo duk dogon hutu. Wata shekara ba a kira ni ba. Na ce wataƙila hidima ce ta yi musu yawa. Ranar da wani sha'ani ya kai ni garin, daga cikin mota na hango bana an ɗaure ta da igiya a kan allon nawa, ƙasan rubutuna yana leƙowa kaɗan. Ban sauka ba, kuma da na dawo gida ban faɗa wa kowa ba. Shekarar zaɓe ta zo, wadda a da ita ce kakarmu, bango ɗaya tak aka ba ni. Abin da ya rage mini shi ne lambar gida, da rubutun bayan keke mai ƙafa uku, da gargaɗin nan da ake sa wa a katanga cewa wannan fili ba na sayarwa ba ne. Sai in yi mako ban buɗe gwangwani ba. Matata tela ce, kekenta na ɗinki ne ya riƙe gidan a wannan tsakani. Ba ta taɓa goranta mini ba, kuma shirun nata ya fi magana yi mini nauyi.

A daminar wannan shekara Baba ya kwanta ciwo. Ranar da na je gaishe shi na same shi a kujera a barandar gidansa, ƙafafunsa sun kumbura, an rufa masa zane. Ya tambaye ni aiki, na ce da godiya. Ya dube ni, ya san ƙarya nake yi. Tsallaken titi akwai sabon shagon sayar da waya, da bana mai launi biyar a samansa. Ya nuna ta da haɓa.

"Karanta mini waccan."

Na karanta da ƙyar, don rubutun ya cushe, ja a kan shuɗi.

"Injin ne ya jera haruffan, ko mutum?"

Na ce mutum ne yake jerawa a kwamfuta, injin bugawa kawai yake yi.

"To wa ya koya wa mutumin?"

Ya ce, "Ni na tsufa. Kai kuwa da sauranka. Ka je ka zauna inda yake zama."

Maganar ta ɓata mini rai. Na ji kamar shi da ya sa ni a hanyar ne yake korata daga kanta. Na yi masa sallama a gurguje na tafi. Ban sake ganinsa a raye ba, bayan mako uku ya rasu.

Ranar jana'izarsa an rataya bana babba a ƙofar gidan. An ja hotonsa ta gefe don ya cika wuri, fuskarsa ta faɗaɗa har ba ka gane shi. Sunansa kuma an matse shi a ƙasa, haruffan suna hawa kan juna. Mutumin da ya yi shekara hamsin yana auna tazarar haruffa, da wannan aka sanar da mutuwarsa. Na daɗe a tsaye ina kallo. Babban ɗansa ya zo ya dafa ni ya ce suna so ni in rubuta ɗan allon ƙarfen da za a kafa a kabarin. Na rubuta shi washegari, fari a kan baƙi. Da na gama na wanke burushin da kananzir, na zauna a ƙofar shago har la'asar. Ranar na yanke shawara zan koyi kwamfuta.

Yanke shawarar ya fi sauƙi a kan abin da ya biyo baya, don ban san cewa kwamfuta ba abu ɗaya ba ce. A zatona makaranta guda ce, ka shiga ka fito ka iya. Da na fara tambaya sai na ji akwai kwas na aikin ofis, akwai na gyara, akwai na zane, akwai wasu da ko sunansu ban iya maimaitawa. Kuma duk wanda na tambaya da nasa ra'ayin.

Ƙanena ma'aikacin gwamnati ne, kullum yana bin motar asuba zuwa Abuja. Shi ya fi kowa murna da jin labarin, kuma ya ce shi zai ɗauki nauyin karatun.

"Yaya, ka yi na ofis," in ji shi. "Buga wasiƙa, jera lissafi, irin waɗannan. Amma ka nemi wurin da ke ba da satifiket mai hatimi. Da takarda a hannunka zan iya shiga ofisoshi in yi maka magana. Ka gama wahalar rana, ka zauna a inuwa."

Maƙwabcina mai walda kuwa cewa ya yi in koyi gyara. "Kai mai aikin hannu ne. Kuma abin da ake amfani da shi dole ya lalace." Matata ba ta zaɓa mini ba. Abin da ta ce kawai shi ne, "Malam, kada ka biya ko'ina sai ka shiga ka ga yadda suke yi da idonka."

Na fara da wurin da ƙanena ya kwatanta mini, wani bene a bakin babban titi. Na sa kaftanina mai kyau, amma fentin da ke ƙarƙashin farcena ba ya fita ko da me na wanke. Na hau sama na tarar da ɗaki mai sanyi, kwamfutoci a jere sun fi ashirin. Wani matashi mai kwat, wanda suke kira Darakta, ya tarbe ni da fara'a ya miƙo mini fom.

"Baba, ɗanka za ka sa ko 'yarka?"

Na ce ni ne.

Ya gyara murya ya ce ai babu komai, karatu ba ya tsufa. Ya buɗe wata takarda mai sheƙi ya shiga lissafa mini: abu shida za a koya a wata uku, aikin ofis, zane, gyara, intanet, da wasu biyu, a ƙarshe a ba ni difloma. Ya nuna mini samfurinta a bango, da zinariya a gefe-gefe. Yana magana ina duban ɗakin. Fiye da rabin kwamfutocin an lulluɓe su da yadi. Ɗaliban kuma, su wajen talatin, ba kwamfuta suke kallo ba, wani farin allo suke kallo suna kwafar abin da malami ya rubuta cikin littattafansu. Da na sauko na tarar da wata ɗaliba a gindin matakala tana jiran abin hawa. Na gaishe ta, na tambaye ta sau nawa take zama a gaban kwamfuta a mako.

"Ranar Alhamis," in ji ta. "Mu uku a kan guda ɗaya. Wani lokaci kafin layi ya zo kanka an ɗauke wuta."

Na tuna wata ukun da na yi a kan kalma ɗaya. Ban ga yadda za a yi abu shida su shiga hannun mutum a wata uku ba, ana taɓawa sau ɗaya a mako.

Wuri na biyu kusa da tasha yake, shagon wani mai gyara, Inyamuri, dattijo mai ƙarancin magana. Tebur ɗinsa cike da kwamfutoci a buɗe, hanjinsu a waje. Wurin ya kwanta mini tun daga ƙofa, don ya yi kama da inda na saba: ƙura, kayan aiki, mutum a sunkuye. Na faɗa masa abin da ya kawo ni. Ya ɗauko wani ɗan sukuru da bai kai ƙwayar shinkafa ba ya sa a tafin hannuna, ya ba ni sukudireba siririya, ya nuna mini ramin da zan ɗaura shi. Na sunkuya. Ramin ya zama biyu a idona. Na matso da fuskata, na ja baya, na runtse ido ɗaya. Sau uku sukurun yana faɗuwa.

"Oga," ya ce, "yaushe rabonka da zuwa a duba maka ido?"

Na ce ban taɓa zuwa ba.

"Ka je. Hannunka ba ya rawa, na gani. Amma aikin nan kullum ƙara ƙanƙancewa yake yi. In na karɓi kuɗinka na cuce ka."

Na yi masa godiya na fito. Duk rayuwata manyan haruffa nake yi, waɗanda ake karantawa daga tsallaken titi, shi ya sa ban lura idona na kusa ya fara tafiya ba. A makon na je asibiti aka ba ni tabarau. Ranar da na sa shi na ga layukan tafin hannuna tar, na gane na daɗe ban gan su ba.

Na yi kusan wata guda ban sake neman ko'ina ba. Ƙanena yana ta kira yana tambaya ko na cike fom ɗin benen. Ni kuma ina ta ce masa tukuna.

Wuri na uku ban neme shi ba, wucewa nake yi kullum ta gabansa a Sabon Gari. Wani ɗan shago ne inda ake buga katin biki da kalandar coci da takardun makaranta. Mai shi wata mata ce 'yar ƙabilar Eggon, za ta girme ni da kaɗan, kowa Madam yake ce mata. A jikin ƙofar an manna takarda cewa ana koyar da zane a kwamfuta. Ranar da na shiga, kwamfuta biyar na ƙirga, tsofaffi, da fanka ɗaya, da janareta a bayan taga. Ɗalibai huɗu ne, kowa da tasa.

Ta san ni, don ta sha ganina a kan tsani. Na tambaye ta me da me take koyarwa.

"Abu ɗaya," in ji ta. "Yadda ake shirya rubutu da hoto don a buga. Wata shida, kullum awa uku, ban da Lahadi. Ba na ɗaukar fiye da mutum biyar, don kwamfutocina biyar ne."

"Satifiket fa?"

"Zan buga maka takarda a nan in sa hannu. Amma gaskiya ba za ta kai ka ofishin kowa ba. Masu injin bana ba sa tambayar takarda, cewa suke yi zauna ka yi mu gani." Ta jawo kujerar da babu kowa. "Zauna yau kyauta. In bai yi maka ba, babu ɓacin rai."

Na zauna. Ta sa hannuna a kan wani ɗan abu mai kama da sabulu da suke kira maus, ta ce in na motsa shi wata 'yar kibiya za ta motsa a gilashin kwamfutar. Ta ce in ja layi daga wannan gefe zuwa wancan. Ni da nake jan layi miƙaƙƙe a bango mai tsawon taku ashirin, ina tsaye a kan tsani ba tare da igiya ba, na kasa. Kibiyar ta gudu sama, ta ɓace, ta dawo ta wani gefe. Na danna inda bai kamata ba, komai ya rufe. Ɗaya daga cikin ɗaliban ta yi dariya ƙasa-ƙasa, ta rufe baki. Gumi ya jiƙa mini riga. Na fi rabin awa ina fama, abin da na samu wani karkataccen zare ne kamar sawun tsutsa. Na cire tabarau na miƙe, na ce mata na gode, wannan ba nawa ba ne.

"Tsaya tukuna, Oga," in ji ta.

Ta ɗauko wani katin ɗaurin aure da aka buga don gwaji, ta miƙo mini. "Mai katin nan ya dawo da shi, ya ce bai yi masa ba, amma ya kasa faɗin dalili. Me ka gani?"

Na miƙa hannu nesa da fuskata na duba. Na ce sunan ango da na amarya sun yi kusa da adon gefe, ba su da wurin numfashi. Na ce an yi amfani da salon rubutu kala huɗu, biyu sun isa. Ranar biki da wurin biki, waɗanda su ne mutum zai nema, an binne su a tsakiyar addu'o'i. Kuma a sunan angon, harafi na biyu da na uku sun rabu har kamar kalma biyu ce.

Ta karɓi katin ta ce, "Abin da ya gagare ka yanzu, mako biyu ne hannunka zai saba. Wannan da ka faɗa kuwa, wata shida nake yi ina nuna musu, wasu har su tafi ba su gani ba. Ka je ka yi tunani."

Na yi tunanin kwana huɗu. Na yi istihara. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ƙanena, don na san abin da yake so ya yi mini alheri ne. Ranar Asabar na je gidansa na faɗa masa na zaɓi shagon Madam. Fuskarsa ta canza.

"Yaya, wurin da babu takarda? Ka bar bene mai difloma ka koma shagon kati? Ni so nake ka fita daga wannan harkar gaba ɗaya."

Na ce masa, "Wane ofis ne zai ɗauki mai shekara arba'in da shida ya fara buga wasiƙa, ga yara masu digiri suna yawo? Ka faɗa mini tsakaninka da Allah."

Can ya ce shi dai abin da ya yi niyya ke nan, in na zaɓi wani abu daban, to in yi yadda na ga dama. Na taso. Ban roƙe shi kuɗin ba, shi ma bai sake tayar da maganar ba. Mun yi watanni gaisuwa kawai ke haɗa mu. Babur ɗina na sayar na biya Madam, na koma tafiya da ƙafa daga Yara zuwa Sabon Gari.

Mako biyun da ta ce, wata ɗaya da rabi ya zama a wurina. Yatsuna sun saba da riƙe abu da ƙarfi, maus kuwa ba ya son ƙarfi. Sunayen abubuwan duk da Turanci suke, kuma ba irin Turancin da na sani ba, sai na sayi ƙaramin littafi ina zana hoton kowane maɓalli ina rubuta aikinsa da Hausa a gefe. Akwai ranar da na yi awa biyu ina shirya kalanda, aka ɗauke wuta, kafin a tada janareta komai ya tafi, don ban adana ba. A bango, abin da ka rubuta yana nan ko an yi ruwa. Na zauna ina kallon baƙin gilashi, na ji hawaye yana neman zubo mini a gaban sa'o'in 'ya'yan cikina. Madam ta zo ta tsaya a bayana ta ce kowa sai da ya yi wannan asarar sau ɗaya, in sake daga farko. Na sake.

Sannu a hankali abin ya fara zama. Ranar da na gano cewa ana iya matsar da harafi ɗaya kaɗan-kaɗan ba tare da an goge kalmar ba, na daɗe ina yi ina mayarwa. Ɗalibar da ta yi mini dariya ranar farko ita ta koma tana juyo da gilashinta wajena kafin ta kai wa Madam aiki. Ni kuma in na manta inda wani abu yake, ita nake tambaya.

A wata na biyar na mayar wa mai gida makullin shagona. Wani mai aski ne ya karɓa. Tsanin na ba mai walda, gwangwanayen da suka bushe na zubar, burusan na naɗe su a tsumma na kai gida. Ƙanena ya zo da kansa wata ranar Lahadi, ya ce an sa ranar auren 'yarsa ta fari, ni yake so in yi katin. Ba mu yi maganar abin da ya wuce ba. Na yi katin, ya ɗauka ya daɗe yana dubawa, ya ce, "Ya yi, Yaya."

Da na gama wata shida Madam ta riƙe ni a shagon, rabin yini ina yi mata aiki, rabin yini kuma ina shirya wa wani mai injin bana. Ba zan ce na yi arziki ba. Abin da nake samu ya mayar da cefane hannuna, matata ta rage ɗinkin da take yi har idonta ya yi ja. Amma akwai abin da bai dawo ba. A da in na gama allo nakan sa 'yar alamata a kusurwar ƙasa, kuma wani allon yakan shekara goma. Bana kuwa damina biyu take yi ta koɗe ta yage, kuma babu wanda ya san wa ya shirya ta.

Wata safiya, ban daɗe da fara aiki ba, wani Bafulatani dattijo ya shigo shagon da sandarsa, ya tsaya a bakin ƙofa yana ɗari-ɗari. Daga wata ruga yake ta bayan Garaku. Shanunsa biyu sun ɓace kwana shida, saniya da ɗan maraƙinta da ya fara girma. Wani ya ce masa a gari ana buga takarda da hoto a manna a kasuwanni. Ya ciro waya daga aljihu ya nuna mini hotonsu, an ɗauka daga nesa, da wasu shanun a gefe.

Na ba shi kujera kusa da ni. Na yanke sauran shanun daga hoton, na ƙara masa haske, na ƙara girman saniyar har tabon da ke kafaɗarta ya fito. Ya matso da fuskarsa, ya sa yatsa a gilashin ya ce, "Ita ce." Na tambaye shi alamominsu, na rubuta da manyan haruffa, kalmomi kaɗan. Da na karanta masa sai ya ce mutanensu da yawa ba sa karanta boko, ajami suka sani. Kwamfutarmu ba ta da haruffan. Na yi karatun allo ina yaro, don haka na ɗauki farar takarda da alƙalami mai kauri na rubuta layi uku da ajami, Madam ta sa a injin da ke ɗaukar hoton takarda, muka shigar da shi ƙarƙashin na bokon. Muka buga masa guda talatin. Ya naɗe su a hankali ya sa cikin riga.

Bayan kusan wata guda ya dawo, da ƙwaryar nono a hannu, an rufe da faifai. Ya ce wani mahauci ya ga takardar a kasuwa ya gane saniyar a hannun wanda ya tsince ta, an dawo masa da ita. Maraƙin kuwa ba a gan shi ba. Na yi masa jaje, ya ce haka Allah ya so. Ya ɗan zauna muka sha nonon tare da Madam, ya tambaye ni ko ruwa ya sauka sosai a cikin gari bana, na ce ya sauka. Sannan ya ɗauki sandarsa ya ce zai je ya kama motar Garaku kafin rana ta yi zafi.